Ado a Kan Tsirkiya Biyu

A Maiwurno, bayan isha'i,
in injin ban-ruwa ya yi shiru a bakin Nilu,
nakan sauko da garayar Baffa Ilu.
Tsirkiya biyu gare ta kacal,
ɗayar ma igiyar fatsa ce.

Kiɗan da na gada gajere ne,
bai fi taku bakwai ba.
Na daka ne. Kakata Tabawa ta zo da shi
daga yamma, a ƙafa,
goye a baya kamar ƙanenta,
shekarar da aka nufi Makka aka yada zango nan.

Sai na kai albasa Madani,
na ji wani mai udu a rumfar shayi
yana lanƙwasa sauti ɗaya gida uku
kafin ya sake shi.
Na dawo yatsuna na ƙaiƙayi.

Nan na ja tsirkiya ta yi kuka,
can na karkaɗa, na ninka, na yi tsalle,
duk inda na ga fili na shuka wani abu.
Samarin unguwa suka ce, "Ya salam!"

Kaka na bakin gado tana ɓarar gyaɗa.
Ta ce, "Wannan baƙon fa, daga ina?
Na ji motsin babbar riga,
ban ji mutumin ciki ba."

Baffa ya yi dariya har da tari.
"Gishiri ba ya zama tuwo, yaro.
Ko mai ɗinkin aska takwas
yana bar wa wuya ƙofa."

Sati uku ina warware ɗinki.
Ashe cirewa ta fi sakawa ciwo,
kowane ado sai na ji kamar haƙorina ne.
Biyu na bari:
ɗan zamiya inda taɓarya ke tashi,
da 'yar rawar murya
inda mai daka ke satar numfashi.

Daren Laraba na sake bugawa.
Ba ta ce uffan ba.
Gyaɗa ta zube daga cinyarta,
hannuwa suka kama taɓaryar da babu,
sama, ƙasa, sama.
Da na iso kan zamiyar nan
ta cilla ta, ta tafa, ta cafe.

"Ka yi gaggawa kaɗan," in ji ta.
"Gero bai fashe ba tukuna. Sake."