Kuɗin Banda

Damina biyar ina tara kuɗin banda
a gwangwanin madara, ƙarƙashin gado.
Hayaƙi ya ci mini ido,
ƙayar kurungu ta ci mini yatsa.
Ran Lahadi na ƙulle su a haɓar zane
na ce, Jabbi, tashi mu tafi bakin dam.

Jirage bakwai Nomau ya jera a gaɓar Goronyo,
kwance kamar shanun da suka ƙoshi.
Ɗana bai ga shida ba.
Idonsa na kan siririn nan mai shuɗin fenti,
mai dogon baki kamar zalɓe.
Nomau ya shafa shi ya ce,
wannan, Inna, ko iska bayansa take bi.

Na ce na sani.
Irinsa Tunau ya saya.
Kullum shi ke riga kowa isa tsakiya,
har ranar da kowa ya riga shi dawowa.

Ban taɓa riƙe filafili ba, gaskiya ne.
Amma shekara ashirin da biyu ina tsaye a gaɓa
da kwando a ka, ina jiran kifi,
kuma mai jira ya fi mai tuƙi ganin jirgi.
Na ga wanda ke soke kai cikin igiyar ruwa
kamar rago mai faɗa, ya sha, ya nutse.
Na ga wanda ke ɗaga ƙirji ya hau ta,
ya sauka a hankali
kamar tsohuwa na sauka daga jaki.

Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa
yadda ake yi wa tukunya a kasuwa.
Na biyu ya amsa da muryar mai mura.
Na uku, farce na ya shige katakonsa,
fenti ne kawai ke rufa masa asiri.
Na biyar an cusa masa tsumma da kwalta
a inda ya kamata itace ya sumbaci itace.

Na ƙarshe baƙi ne, mummuna,
cikinsa faɗi kamar faifai,
goshinsa a ɗage, haƙarƙarinsa kusa da kusa.
Maɗaci ne. Na kankare kaɗan na ɗanɗana,
ɗacin ya kai mini har maƙogwaro.
Jabbi ya ce, Inna, za a yi mini dariya,
wannan ai kwamin shayar da shanu ne.
Na ce, su yi. Mai dariya yana da rai.

Nomau na son a gama kafin azahar,
lokacin ruwa na kwance kamar tabarma.
Na zauna a inuwa na ci rogona.
Ba a sayen jirgi da safe.
Bayan la'asar gabas ta haɗe rai,
ruwan ya fara fitar da fararen haƙora,
na ce, yanzu a tura shi.
A zuba masa jiƙaƙƙen taru,
kai kuma taka gefensa da ƙafa biyu
kamar kana jawo giwan ruwa.

Ya karkata, ya yi tunani, ya dawo daidai.

Sai na tattare zane na shiga.
Nomau ya yi salati.
Igiya ta fari ta mare mu, na rufe ido,
ta biyu na buɗe.
Ruwan da ya shigo bai cika ƙoƙo ba,
na kwarfe shi da tafin hannu.
Daga nan na waiwaya na ga gaɓa,
na ga inda nake tsayawa,
ɗan tudun nan kusa da gawo.
Ashe haka nake ƙanƙanta daga nan.

Kuɗin bai kai ba, saura dubu tara.
Nomau ya ce ya jira zuwa kaka.
Na ba shi gwangwanin ma, ya riƙa zuba ƙusa.