Mil Arba'in da Ɗaya da 'Yan Kai

Layi uku na tarar an rubuta mata a kundin sani:
ta tashi daga nan, ta ƙare a can,
tsawonta mil arba'in da ɗaya.
Ko cigiyar akuya ta fi haka bayani.

Ni kuwa shekara shida ina bin ta da asuba
da tankar madara, a ƙauyukan Nebraska.
Na san inda take tari, na san inda take ɗingishi,
na san kwanar da barewa ke tsayawa
ta zuba wa fitila ido kamar mai bin ka bashi.

Ranar hutuna na tafi laburaren gunduma.
Verlene Hruska, mai tabarau a igiya,
ta sauko min da taswirori masu warin rumbu,
ta ce rabon da a tambaye su
tun kafin ta yi furfura.
Ta taswira ta ce arba'in da ɗaya da ɗigo bakwai,
ta hukuma ta ce da ɗigo uku.
Ina sauran suka shiga?
Hanya dai ba zane ba ce da za ta tsuke a wanki.

Wata biyu ina neman ɗigo huɗu.
Barau ya ce a waya: aikin banza, kiɗa a ruwa,
wa zai biya ka?
Na ce ba kowa. Ya yi dariya har da tari.

Tsoho Orval, da nake kwasar madararsa, shi ya warware:
ambaliya ta cinye tsohuwar gada,
aka miƙe kwanar, hanya ta rage tsawo.
Ya ce alfadarin babansa ya tafi a ruwan nan,
sunansa Deacon, ba ya son albasa.
Na rubuta duka a daren, har da albasar.

Kafin gari ya waye wani ya share.
Ban san fuskarsa ba, ban san garinsu ba.
Ya bar min tambaya ɗaya tak: in ji wa?
Na ji haushi, na kwana ban taɓa shayina ba.
Amma da gaskiyarsa.
A can bakin dattijo ba hujja ba ne
sai takarda ta tsaya masa.

Verlene ta tono jaridar shekarar ambaliya,
haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero.
Ga gada, ga kwana, ga kuɗin kwangila.
Alfadari babu.
Na mayar da gadar da shedarta a ƙasa,
na sa ranar da aka zuba tsakuwa, da ranar kwalta,
na ɗauki hoton allon lamba, sanyi na cizon yatsuna.

Abin da bai shiga ba ya fi yawa.
Ba a rubuta cewa a mil na goma sha tara
na taka birki ranar da aka bugo cewa Inna ta cika,
na zauna, injin na kaɗawa, masara na kallona,
madarar mutane na jira a bayana.
Wannan ba shi da madogara sai ni.

Yanzu shafin ya kai sakin layi tara.
Mai sharewar nan ya dawo, ya gyara min waƙafi biyu,
ya rubuta: madalla.
Mutum goma sha ɗaya ke karantawa a wata, in ji ƙididdiga,
ina zaton uku daga ciki ni ne.

Jiya na nemi hanyar garinmu a kundin,
wadda ta ratsa ta bayan makera ta gangara rafi.
Ko layi ɗaya babu.
Na buɗe sabon shafi, na rubuta sunanta,
sai na tsaya, hannu a sama:
in ji wa?