Mai Inuwa

Ni ke riƙe da rajista a asibitin ciwon daji na Wad Madani.
Tebur ɗaya, biro biyu, fanka mai tari.
Duk wanda ya shigo, sai in raba shi gida-gida:
shekaru, jinsi, cuta, mazauni.

Ran Talata aka turo Inna Barmani a baro.
Daga Mai Wurno suke, mota biyu suka canza.
Jikanta Tajo ke turin, kurma ne,
idonsa ke yi masa aikin kunne.

Na ce, Inna, shekarunki nawa?
Ta ce, "An haife ni shekarar da fara ta cinye dawa,
na yi haihuwar fari shekarar da kogi ya shiga masallaci.
Kai da ka yi boko, haɗa."
Na rubuta saba'in.
Ƙarya ce, amma mai ladabi.

Mazauni fa?
"Da ina da ɗaki. Nilu ya ara, bai mayar ba.
Yanzu ina gindin darbejiyar ƙofarku,
dab da mai shayi."
Takarda ta san mai gida, ta san marar gida,
ba ta ware gurbi ga mai inuwa ba.

Wa ke kula da ke? Ta nuna Tajo.
Wa ke kula da Tajo? Ta dafa ƙirjinta,
daidai wurin da ciwon ya kafa sansani.
Layin mai jinya ɗaya ne tak.
Na riƙe biro a sama har tawada ta bushe.

Ba zagin lissafi nake ba.
Da shi ake aiko allura, da shi ake ƙara gado,
wanda ba a ƙirga ba, ba a sa tukunya da shi.
Amma ƙarshen shekara, in an kwashe takardunmu zuwa Khartum,
sai su dawo cikin littafi mai sheƙi:
kashi kaza cikin ɗari, ɗigo kaza.
Nakan bi bayan ɗigon da yatsa
ko zan ji ƙarar tayar baro.

Wata huɗu tana zuwa gashi.
Gashin kanta ya zube, tsiyarta ba ta zube ba.
Kullum ta leƙo taga: "Malam mai gidaje,
yau a wane ɗaki ka kwantar da ni?"

Sai wata Talata ta zo babu ita.
Wata ta biyo.
Mai shayi ya ce bai ga tashinsu ba.
Akwai gurbi na masu irin wannan tafiya,
sunansa: ba a san inda ya yi ba.
Na ƙi cikewa. Shugabana ya yi magana sau biyu.

Jiya Tajo ya shigo shi kaɗai.
Ya ajiye katinta, ya ajiye ƙullin busasshiyar kuɓewa,
ya haɗa tafuka biyu, ya kwantar da kumatunsa a kai,
sannan ya nuna gabas.

Na ja layi. Jimla ta daidaita.
Yaron bai tafi ba.
Ya ɗora yatsa a kan layin da ke ƙasa da nata,
fari fat, ba kowa,
yana kallon bakina.