Hatimin Nomau

Ni na riƙe wa Nomau hatimi,
shekara bakwai, yana magajin garin Tawa.
Ɗan majemi ne, malamin lakwal,
ya zo da keke ɗaya, riga biyu,
da warin bagaruwa a hannu.

Fegi guda a Bilbis, sau uku muka sayar.
Kuɗin famfon Kurfayawa suka tashi bene,
mata na jan guga har igiya ta ci tafi.

Ran da jandarma suka zo, cuku yake ci.
Ya ƙarasa shayinsa, ya miƙa hannu.

Kaso ya dawo mana da shi ba haƙori.
Jiya na bi ta kabarinsa, tumaki na kiwo.
Shi gari ya zaga.
Ni kuwa, tawadar na nan ƙarƙashin farcena.