Kwaɗo a Ƙofa

Buhu tara na wake na sayar a Kumo,
na hau mota zuwa Gombe,
kuɗin a aljihun 'yar ciki.

Ofishin yana bayan Tashar Dukku,
ga sanyi, ga kujera mai juyi.
Yaron da ya karɓa, Nafi'u,
ya kira ni Baba, ya ba ni ruwan gora,
ya ce duk wata dubu ɗari za ta haifi talatin.
Na duba hatimin rasit.
Ban tambayi wa ya ba su izini ba.

Wata biyu tana haihuwa.
Har na jawo Buba Jauro, ya sayar da bijiminsa.

Yau kwaɗo ne a ƙofar.
Mun fi ɗari a cikin rana, kowa da takarda a hannu.

Wani jami'i ya zo,
ya ce sunansu ba ya cikin rajista,
ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.
Na ce, ranka ya daɗe, na yarda.
Amma allonsu ya shekara a bakin titi,
rediyo na yi musu shela bayan labarai.
Kai ta wace hanya kake bi zuwa aiki?

Buba bai ce da ni uffan ba.
Igiyar bijimin tana rataye a zaurensa.