Tabo da Taɓo

Jabbi dillali ya buga bayanta da tafin hannu,
ya ce, "Malam, wagga tana da tabo."
Na durƙusa cikin rana a filin motoci na hanyar Gusau,
ina shafa ƙofa, ina laluben gefe,
ina neman inda aka ji mata rauni.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Ba na jiki ba, na inji.
Wani ɗan abu ne mai kamar dodon koɗi,
shi ka hura mata iska kamar zugazugin maƙeri."

Akwai wata fara kusa da ita, 'yar gayu, ƙasa-ƙasa,
irin ta zuwa ɗaurin aure a Mabera.
Akwai jif mai tsayin rumbu
da ke shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya.
Ni doguwar na zaɓa,
mai ruwan toka, 'yar Kwatano,
ƙafafu huɗu duk suna ja,
ba biyu na aiki biyu na bin sahu ba.

Kulu ta tsaya bakin zaure ta auna ta da ido.
"Kuɗin sallamar shekara talatin da biyar ke nan?
Kamar motar ɗaukar gawa."
Na ce Allah ya sawwaƙe.
Na kwantar da kujerun baya na nuna mata:
nan tabarma, nan butar shayi,
nan sandunan fatsa, nan kula da ƙanƙara,
nan kuma ni, in dare ya riske ni a Goronyo.

Asabar ta farko, bayan asuba,
na wuce Acida na sauka daga kwalta.
Rairayi. Na taka.
Ta yi jim kamar mai tuna wani abu,
sai wani siririn fito daga cikinta,
sai ga bayana manne da kujera,
sai ga ni, tsohon malamin lissafi,
ina ihu ni kaɗai tsakanin gonakin gero.

Agusta ce ta koya mini sauran karatun.
Fadamar Wurno ta sha ruwa kwana uku,
na ce ai ƙafa huɗu gare ni.
Huɗun duka suka juya a wuri ɗaya,
suna watsa laka har saman rufi.
A nan tabo ya gamu da taɓo,
kuma taɓo ne babba.
Wani yaro, Modi, ya zo da shanun huɗa biyu,
bai ce mini komai ba, kallon takalmina ya yi.
Igiyarsa ta bar zane a ƙarƙashin fitila.
Yanzu kam tana da tabon da na nema ran farko.

Haliru makanike ya yi mini dokoki:
ban da man kwalba na bakin hanya,
baƙin mai sai mai tsada, kuma a kan lokaci,
in ka dawo daga nesa kada ka kashe ta da zafinta,
bar ta minti biyu ta huce.
Wani ɗan bututu ya fashe a watan azumi,
sati uku ina jiransa daga Legas,
ina hawan keke napep kamar kowa.

Amma minti biyun nan na fi so.
Ina zaune a ƙofar gida, inji na numfashi a hankali,
ƙarnin tarwaɗa ya cika mota,
hannuna na warin tsutsa da shayi,
ba ni a daji, ban shiga gida ba.

Jiya Kulu ta biyo ni.
Ta zauna a buɗaɗɗen baya tana lilo da ƙafa,
kirinjijiya na sauka a kan ruwa garke-garke.
Ta daɗe ba ta yi magana ba.
Can ta ce sukari ya yi wa shayin yawa,
ta ce in miƙo mata fatsar,
ƙaramar.