Gwangwanin Tayim

Ranar da keken ɗinki ya fi ƙarfin ƙafata
Yakasai ta juya mini kamar faifai.
Allura ɗaya ce, ni ina ganin biyu,
rigar 'yar Uwani na kan cinyata, ba hannu, ba wuya.

Na ce gajiya ce.
Amma gajiya ba ta sa mutum kwaɗayin tauna ƙanƙara,
ba ta sa farce ya lotsa kamar cokali,
ba ta mai da matakala huɗu hawan Dala.

A Kasuwar Rimi, layin 'yan kayan yaji,
Malam Tanko mai kori da kanumfari
ya ɗebo tayim a tafinsa, ya murza, ya kai mini hanci:
"Wannan da kike gani, ƙarfe ne a cikinsa.
Jini yake ƙarawa. Tafasa ki sha."
Ƙamshi ya riga hankali shiga kaina.
Na auni gwangwanin madara biyu, ya yi mini gyara.

Gaskiya ɗaya ba zan danne masa ba:
tarin da ya kwana bakwai a ƙirjina ya naɗe tabarmarsa,
majina ta saki, kumburin bayan tuwo ya lafa.
Sai na ce, in kaɗan ya yi haka, ina ga mai yawa?
Safe kofi, azahar kofi,
bayan isha'i kofi mai kauri,
har ruwan ya koma kamar na marina.

Kwana tara, ƙwannafi ya kafa murhu a maƙoshina,
ciki na murɗawa kamar ana matse wanki,
wuya na ƙaiƙayi.
Jiri kuwa yana nan daram, ko gyara zama bai yi ba.

Asibitin Murtala. Kati, benci, jira.
Sista Barira ta ja fatar idona da babban yatsa,
ta ce, "Fari fat, kamar alawayyo."
Na ba ta labarin gwangwani. Ba ta yi dariya ba,
gilashinta kawai ta sauke kan hanci:
"Bai yi ƙarya ba, akwai ƙarfen.
Amma nawa ne a abin da yatsu uku suka ɗiba?
Da cokalin shayi kike son cika randa.
Mace duk wata sai ta biya harajin jini,
buƙatarta ta ninka ta mijinta, ta mai ciki kuwa ta wuce nan.
Da ciki gare ki, da na ce bar shi a miya,
kada ki mai da shi magani.
Haka mai shan ƙwayar tsinka jini,
haka wanda likita ya sa wa ranar aiki."

Ta rubuta ƙwaya, ta ce bayan gida zai yi baƙi, kada in firgita.
Sauran da baki ta rubuta:
hanta in an samu, wake ko ba a samu ba,
zogale, alayyafo,
a matsa lemon tsami a kai don jiki ya karɓa.
Shayi kuma ya jira a waje, kada ya zauna kusa da kwano,
ɓarawo ne mai sallama.

Yanzu duk Laraba nakan biya Abbatuwa,
in sayi hantar dubu, in yi ciniki kamar mai sayen sa.
Wata uku ke nan.
Tafin hannuna ya dawo da jansa,
keke ya sake sanin mai shi.

Gwangwani ɗaya na nan a kan kanta, saura rabi.
In miya ta tafaso nakan ɗiba da yatsu uku, in barbaɗa,
in mura ta zo, kofi guda, mara kauri.
Mun shirya da shi, kowa ya san gurbinsa.

Jiya na wuce ta gaban Malam Tanko,
ya ɗaga murya: "Hajiya, ya jini?"
Na ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo."
Ya zunguri maƙwabcinsa mai barkono:
"Ka ji ko? Tayim ɗina ne."

Na ƙyale shi.
Na ce ya auna mini citta.